Tambaya da Amsa: Dakta, allurar 'yan Chana tana maganin bushewar idon mai suga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda iskar hunturun nan ta fara kaɗawa ɗakin duba ido da nake aiki ya cika da masu cewa ido kamar an watsa musu yashi, kuma in ka bi a hankali ka tambaya sai ka tarar da yawansu masu suga ne. Ana cikin haka sai ga wannan saƙon, shi ya sa na ture sauran gefe na fara da shi.

TAMBAYA: Salam Dakta, ya aiki ya haƙuri da mu. Daga Tumfure nake rubutowa nan Gombe, akan mahaifiyata ne. Shekararta 11 da ciwon suga tana shan metfomin safe da dare, to tun bara take kukan idonta yana mata raɗaɗi da ƙaiƙayi kamar akwai tsakuwa a ciki, da asuba in ta ɗauki Alƙur'ani ko shafi ɗaya ba ta kaiwa sai rubutun ya dinga mata dishi-dishi sai ta yi ta ƙiftawa kafin ya dawo, wallahi abin yana damunta don ba ta saba ajiye karatunta ba. Mun sayi maganin ɗigawa har kala uku a kemis, in an ɗiga ya lafa anjima ya dawo. Shine wata maƙociyarmu ta ce akwai wani mutum da yake zuwa gari duk wata yana yin allurar nan ta 'yan Chana wai akufanca, yana sossoka ƙananan allurai a gefen ido da hannu da ƙafa, wai in aka yi zama goma shikenan ido ya warke har sugan ma ya sauka a daina shan magani. Yayana ya ce a kai ta, ni kuma gabana faɗuwa yake don na san ko ƙaya ce ta soke ta a ƙafa sai ta yi sati biyu wurin bai haɗe ba. Dan Allah gaskiya ne tana magani? Kuma ba hatsari ga mai suga?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin a kai ta. Faɗuwar gaban nan taki tana kan hanya, wanda ya zauna da mai suga ne kawai yake lura da maganar ƙayar nan.

Bari in fara da abin da ya fi tsaya min a rai, wato cewa za a daina shan magani. Wannan kam ki cire shi gaba ɗaya, babu allurar akufanca da za ta maye gurbin metfomin ko insulin, kuma duk wanda ya iya buɗe baki ya faɗa wa mai suga na shekara 11 ta ajiye maganinta to ni na riga na daina yarda da sauran maganarsa. Amma maganar ido daban ce, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba zan ce miki ƙarya ce zalla ba don ba haka ba ne.

Kin san hawaye ba ruwa ne kawai ba. Duk ƙiftawa ɗaya da muke yi fatar ido tana shafa wani siririn lulluɓi a saman ƙwayar ido, kuma hawa uku ne, na ƙasa mai yauƙi ne da ke sa ruwan ya manne, na tsakiya shi ne ruwan kansa da ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga a ƙarƙashin ƙashin gira ta gefen kunne, na sama kuma maiƙo ne da ke fitowa daga wasu 'yan ƙananan ramuka a bakin fatar ido bayan gashin ido, guda 20 zuwa 40 a kowace fata. Maiƙon nan shi ne murfin randa, in babu shi iska ta kwashe ruwan nan da nan. To suga in ya daɗe yana sama duka ukun yake taɓawa, amma babbar ɓarnarsa a jijiyoyi take. Wannan fata mai garai-garai kamar gilashi da ke gaban baƙin ido tana daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tarin jijiyoyin ji a jikin ɗan Adam, su ne 'yan aike, su suke kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa ido ya fara bushewa a turo hawaye a ƙifta. Yadda suga yake kashe jijiyoyin tafin ƙafa mutum ya taka ƙusa bai sani ba, haka yake cin waɗannan na ido a hankali, sai saƙo ya daina isa, hawaye ya ragu, ƙiftawa ta ragu. Ki ƙara da yawan fitsarin da suga ke sawa yana tsotse ruwan jiki, ki ƙara da shekaru don mata bayan ɗaukewar al'ada sun fi samun bushewar ido, sannan ki ɗora hunturun Gombe a kai.

Akwai wani gwaji da muke yi mai sauƙi wanda har yau in na yi shi jikina sanyi yake. Auduga ake murzawa ta yi tsini kamar zare, a ce mutum ya kalli gaba, sai a zo ta gefe a ɗan taɓa gilashin idon da ita. Mai lafiya kafin ma ka gama taɓawa ya zabura ya runtse. Wani dattijo da ɗansa ya kawo daga ƙauye na taɓa nasa, na sake taɓawa, yana zaune abinsa ido buɗe yana ba ni labarin gonar wakensa, bai ma san an taɓa shi ba. Da na ɗiga masa ruwan gwaji mai ruwan ɗorawa na haska shuɗiyar fitila sai ga gyambo ƙuru-ƙuru a tsakiyar idon, kuma shi cewa yake ai ba ya masa ciwo, dishi-dishi ne kawai. Wannan ne yasa ba na son jin karin maganar nan ta ciwon ido sai haƙuri a bakin mai suga, domin shi wani lokacin rashin jin ciwon ma shi ne alamar abin ya yi nisa. Mama da take jin raɗaɗi, alama ce jijiyoyinta da sauran rai, yanzu ne lokacin da za a tare su.

To yanzu ita akufanca. Maganin gargajiyar ƙasar Sin ne da ya haura shekara 2000, kuma abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne allurar ba magani a cikinta, ba irin ta asibiti ba ce mai rami da ake zuƙo ruwa a tura, siririn ƙarfe ne kawai kaurinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, a soka a bar shi minti 20 zuwa 30 a zare. Su a bayaninsu na gargajiya akwai hanyoyi a jiki da wani ƙarfi ke bi, allurar tana buɗe inda ya toshe, masu binciken zamani kuma suna ganin taɓa jijiyoyi ne da ƙara gudun jini a wurin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen tsarin wuraren sokawa guda 361. Na ido da aka fi amfani da su akwai Jingming a lungun ido ta wajen hanci, da Zanzhu a farkon gira, da Taiyang a gefen goshi tsakanin ido da kunne, sai Hegu a hannu tsakanin babban yatsa da manuniya, da Zusanli a ƙasan gwiwa, da Sanyinjiao a saman idon sawu ta ciki. Kin ga maƙociyarku ba ta yi ƙarya ba da ta ce ido da hannu da ƙafa.

An gwada ta a kan bushewar ido, yawanci a Sin da Koriya ta Kudu. Guda biyu zan kawo miki don su ne suka fi nuna yadda abin yake. A 2012 an wallafa wani gwaji na Koriya da mutum 150, rabi aka musu allura zama 12 cikin sati 4, rabi aka ba su hawayen kwalba suna ɗigawa. Da sati 4 ya cika wajen jin sauƙi kusan kunnen doki aka yi, amma sati 8 bayan an gama sai aka ga 'yan allura sun fi samun sassauci. Wannan abu ne mai kyau kuma ban raina shi ba. Sai dai kafin shi a 2010 can dai Koriya an yi wani da mutum 42 na sati 3, rabi aka musu ta gaske rabi kuma ta bogi, wato a soka sama-sama a inda ba wurin ba ba tare da sun sani ba, duka ɓangarorin biyu suka ce sun ji sauƙi kuma ba wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Kin ga ke nan wani ɓangare na sauƙin daga kwanciya ne a rufe ido rabin awa a ɗaki mai natsuwa da sa rai da kulawar da aka samu. Kuma duka biyun ba masu suga aka ware aka gwada a kansu ba, gwaje-gwajen da aka yi a kan masu suga zalla kaɗan ne kuma ƙanana. Saboda haka ni a ganina iyakar abin da za a ce da gaskiya shi ne, tana iya rage wa wasu raɗaɗi na ɗan lokaci in an haɗa da maganin asibiti. Warkewa dindindin a zama goma kuwa, babu wanda ya nuna haka, tunda tushen abin yana cikin jini.

Sai batun hatsari, nan ne nake so ki karanta wa Yaya da kyau. A hannun wanda ya yi karatunta ya ƙware, da sabuwar allura, akufanca ba ta cika kawo matsala ba in ban da ɗan jini ko taruwar jini ko jiri. Amma mai suga ba kamar kowa ba ne, ciwonsa ba ya saurin haɗewa, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun wurin zama a jikinsa, kuma biyu daga wuraren da na lissafa a ƙafa suke, ƙafar da muke hana masu suga ko yawo ba takalmi. Wasu kuma suna haɗawa da ƙona wani ganye a kusa da fata don ɗumi, mai suga da ƙafarsa ta mutu sai ya ƙone bai ji ba. Ita kuma Jingming ɗin nan tsakaninta da ƙwayar ido ɗan taƙi ne, an sha rubuta labarin waɗanda allura ta huda musu ido a hannun wanda bai iya ba, garin neman gira a rasa ido ke nan a zahirinsa. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau in ana maimaita allura daga wannan zuwa wancan, goge ta da sifirit ba ya wadatarwa. Ni mutumin da ke zuwa gari duk wata ya tafi shi ne ya fi ɗaga min hankali, in ƙafar Mama ta kumbura bayan kwana uku wa za ku nema?

In dai har kun nace sai an gwada, to a fara da asibiti tukunna, sannan ku nemi ganin takardarsa, a Najeriya hukumar likitoci ta ƙasa wato MDCN ita ke rajistar masu wannan aikin. A ɓare allura sabuwa daga leda a gabanku a jefar bayan an gama, a faɗa masa tana da suga, a faɗa masa in tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, kar a taɓa ƙafa in tana jin ta a mace ko akwai gyambo, kar ta je da yunwa, kuma kar a fasa ƙwaya ko ɗaya ta maganinta. In ya ɓata rai don kun yi waɗannan tambayoyin ku ɗauki Mama ku tafi.

Abin da nake so ki yi a satin nan dai shi ne ki kai ta sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe ko duk asibitin da ke da likitan ido, ki tattara kwalaben nan uku ki tafi da su. Dalilina, akwai magungunan ɗigawa masu sitiroid irin su deksametazon da betametazon da ake miƙa wa mutane a kemis don suna kashe ja da ƙaiƙayi nan take, mutum ya ji daɗi ya yi ta ɗigawa wata da watanni, su kuma suna hawar da jinin ido suna kawo yanar ido, in akwai gyambo kuma su ƙara rura shi. A can za a saƙala mata wata 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, in jiƙewar ba ta kai milimita 10 ba hawayen ya yi kaɗan, ƙasa da 5 kuwa bushewar ta yi tsanani. Sannan ki roƙa a ɗiga mata maganin buɗe ido a leƙa can bayan idon, don suga yana fasa ƙananan hanyoyin jini a can ba tare da ciwo ba kuma shi ne mai makantarwa, duk mai suga ya kamata a leƙa masa aƙalla sau ɗaya a shekara, balle mai shekara 11 da ciwo. A yi mata kuma gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya zauna cikin wata 3 da suka wuce, yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da 7, amma likitanta ne zai yanka mata nata.

A gida kuma, hawayen kwalba ba a jira sai ido ya fara zafi, a ɗiga a kan lokaci kamar yadda aka rubuta, in ya wuce sau 4 a rana a nemi irin wanda ba sinadarin adanawa a ciki, yana zuwa a 'yan ƙananan robobi. Ki jiƙa tsaftataccen tawul da ruwan ɗumi, ke za ki gwada zafin a bayan hannunki ba ita ba, ta ɗora a ido a rufe minti 5 zuwa 10 safe da dare, yana narkar da maiƙon nan da ya daskare. Da asuba kuma ta ɗiga kamar minti 10 kafin ta buɗe Alƙur'ani, ta ajiye shi ƙasa da saitin ido a kan matashi, duk ƙarshen shafi ta lumshe ido ta ɗan matse ta buɗe, in sha Allah za ta ga shafukan sun ƙaru.

TAMBAYA: Dakta ni tela ne a Wunti cikin Bauchi, shekara 4 da aka ce ina da suga. An ce min idona ya bushe amma ni hawaye ne ma yake zuba har sai na ajiye aiki na share, musamman in na hau mashin da safe. Anya ba kuskure aka yi ba?

AMSA: Malam ba kuskure ba ne, kuma kusan kullum sai an min wannan tambayar. In lulluɓin nan na kullum ya tsage iska ta bugi ido, sai maɓuɓɓugar ta firgita ta kwararo ruwa da yawa lokaci ɗaya, amma tsinkakken ruwa ne ba maiƙo ba yauƙi, ba ya zama, sai ya gangaro kumatu ya bar idon yadda yake. Kuma sana'arka tana taimaka masa, mutum yana ƙiftawa kamar sau 15 a minti amma in ya ƙura wa bakin allurar keke ko waya ido sai ya koma rabi ko ƙasa da haka, ga fanka a saitin fuska, ga kwanan shago lokacin ɗinkin sallah da shayi mai suga kofi bayan kofi. Ka juya fankar ta bugi bayanka, duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli tsallaken titi ka ƙifta sosai, ka sayi tabarau mai rufe gefe saboda mashin, shayin kuma ka san abin da zan ce. In ido ya yi ja, ko haske ya fara damunka, ko ka ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ranar ka rufe shago ka nufi Asibitin Koyarwa na ATBU, kar ka bari sai gobe.

TAMBAYA: Ni daga Azare nake. Kakata ta ce ba sai an je wajen 'yan Chana ba, wanzami ya mata ƙaho a gefen goshi ta dinga sa tozali ido zai washe. Tana da suga da hawan jini. Ya kuka gani?

AMSA: 'Yata ki gaishe min da Kaka da kyau, ki ce ina roƙonta ta haƙura da ƙahon nan. Tsaga da aska ta fi sokar siririyar allura buɗe fata nesa ba kusa ba, duk abin da na faɗa a sama na jinkirin warkewa da aska ɗaya ga mutum da yawa ya fi ƙarfi a nan, kuma jinin da za a zuƙe ba shi ya hana hawaye ba. Tozali kuma daidai kan ramukan maiƙon nan ake ja shi, yana toshe su yana zuba gari a cikin ido, sannan na dutsen nan mai ƙyalli yawanci dalma ce a cikinsa. A Boston ta Amurka a 2011 an samu jariri ɗan asalin Najeriya da dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Na san raba tsohuwa da tandunta ba ƙaramin aiki ba ne, kar ki ƙwace, ki lallaɓa ta ta ajiye na wata ɗaya kawai tana ɗiga hawayen kwalba ta ji bambancin da kanta. Wani abin da ba ki tambaya ba amma na san ɗakin kakanni, turaren wuta. In za a sa kasko a sa lokacin tana tsakar gida, a bar ƙofa a buɗe hayaƙin ya fita kafin ta shiga, haka ma kar ta zauna saitin murhu. Ku kai ta asibitin tarayya da ke nan Azare a auna mata suga da jini a duba idon, ku tafi da katinta da duk magungunan da take sha a leda ɗaya.